Sauraron Taurarin da Aka Sallama daga Aiki

Ranar 19 ga Agustan 2025 hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da lamuran teku da yanayi, ta aika wa tauraron ɗan'adam NOAA-15 umarni na ƙarshe, ta kashe shi. A watan Mayun 1998 aka harba shi bisa lissafin zai yi aikin shekara biyu, sai ga shi ya yi ashirin da bakwai. Kwana shida kafin nan an kashe NOAA-19, shi kuwa NOAA-18 tun watan Yuni aka sallame shi. Da tafiyar waɗannan uku aka rufe tsarin da ake kira APT, wanda tun Disambar 1963, zamanin tauraron TIROS-8, yake watso hoton gajimare ga duk wanda ya kafa eriya a ko'ina cikin duniya, ba rajista, ba lambar sirri, ba neman iznin mai tauraro. Ƙannena, maza da mata, duk wanda yanzu ne labarin wannan sha'awa ya iso kunnensa zai iya cewa ya makara, an riga an tashi. Ni ban yarda ba. Waɗanda suka shekara da shekaru suna kama waɗannan taurari, abin da suka fi ƙaruwa da shi shi ne iya saurare da iya tabbatar da abin da suka ji, hoton kuwa tukwici ne. Wannan iyawa ba a kashe ta a watan Agusta ba, kuma tsofaffin taurarin da masu su suka juya wa baya su ne suka fi kowa koyar da ita.

Sai an san yadda abin yake kafin a gane dalilina. Taurarin NOAA suna kewaya duniya ta kan ƙuryar arewa da ta kudu, a nisan kilomita 850 ko kusa da haka, kowane zagaye minti 102. Duniya na juyawa a ƙarƙashinsu, don haka kowane gari yana samun rabonsa sau kaɗan a yini, kuma daga ɓullowar tauraro a gefen sama zuwa faɗuwarsa a ɗaya gefen bai fi kwata guda na awa ba. A cikin wannan ɗan lokaci ne, kafin a kashe shi, yake zubo hoton ƙasar da ke ƙarƙashinsa layi-layi, layi biyu kowace daƙiƙa, a kan zangon megahaz 137, da ƙarfin da bai wuce wat biyar ba. Abin da ake buƙata a ƙasa bai taka kara ya karya ba. Sanda biyu na ƙarfe, kowane santimita 53, a buɗe su kamar baƙin V da kusurwar digiri 120, sun isa eriya. Sai wata 'yar na'ura mai kama da filashi da ake kira RTL-SDR, wadda asalinta don kallon talabijin a kwamfuta aka ƙera ta, har wajen 2012 masu bincike suka bayyana cewa za a iya mayar da ita rediyo mai kama kusan kowane zango. Sai manhaja ta kyauta irin su SatDump mai mayar da ƙarar hoto. Ku lura da santimita 53 ɗin nan, domin ba a zaɓe ta da ka ba. In ka raba gudun haske da megahaz 137 za ka sami tsawon igiyar, mita biyu da 'yan kai. Rubu'insa, a rage kaɗan saboda ƙarfe, shi ne tsawon sandan. Yaron da ya yanke sandan da hannunsa, ya ga hoto ya fito, ya sake yanke wani gajere ya ga hoton ya cika da yayyafi, ya fahimci darasin da ake shafe zangon karatu guda ana haddacewa a aji ba tare da an gane shi ba.

Za a ce mini ai wayar hannu ta raba gardama: a cikin daƙiƙa biyar za ta nuna maka hoton gajimare mai launi, wanda ya fi na APT kyau nesa ba kusa ba, tunda ɗigo ɗaya a hoton APT faɗin kilomita huɗu ne a ƙasa. Gaskiya ne, kuma wanda buƙatarsa kawai ya san ko za a yi ruwa gobe, ya duba wayarsa ko ya saurari hasashen hukumar yanayi ta ƙasarsa, ya huta. Amma hoton da ke cikin waya ya ratso hannu da yawa kafin ya iso: tashar da ta kama shi, kwamfutar da ta gyara launinsa, kamfanin da ya zaɓi abin da zai nuna, layin intanet da zai iya yankewa. Mai wayar bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ran da hoton ya zo da kuskure ba shi da hanyar ganewa. Mai eriya ya san kowace gaɓa, domin shi ya haɗa su. In baƙin layi ya ratsa hotonsa, zai iya gaya maka a wane minti tauraron ya bi ta bayan ginin maƙwabci. Al'ummar da kowa a cikinta ke karɓar bayani a dafe, babu mai sanin yadda aka dafa, ba ta da yadda za ta yi in an canza mata shi ko an hana ta.

Yanzu ga inda zancen ya fi daɗi. Sallamar tauraro daga aiki ba ta nufin an sauko da shi. A nisan kilomita 850 iska ta yi ƙaranci ƙwarai, abin da ke can zai iya ɗaukar ƙarnuka bai faɗo ba. Abin da injiniyoyi ke yi shi ne su kashe na'urorin watsawa, su cire batura daga layin caji, su fitar da duk iskar da ke matse a tankuna, don kada wani abu ya fashe daga baya. Tsoron ba na banza ba ne: NOAA-16, da aka sallama a 2014, ya tarwatse a Nuwambar 2015, NOAA-17 kuma, da aka sallama a 2013, ya bi sahunsa a Maris ɗin 2021. To amma farantan sola suna nan a jikin tauraron, rana kuma ba ta daina haska su. Shekaru na tafiya, zafi da sanyi na cin wayoyi, wani abin da ya haɗe ya rabu, wani da aka raba ya haɗe. NOAA-9, wanda aka harba a Disambar 1984 aka kuma kashe a 1998, bai daɗe ba masu saurare suka sake jin sa a kan megahaz 137.5. Ba hoto yake aikowa ba, ƙara ce kawai, takan zo in yana cikin hasken rana, ta ɗauke in ya shiga inuwar duniya. Babu wanda ya ba shi umarni, babu kuma wanda zai iya ce masa ya yi shiru.

Ba taurarin yanayi kaɗai ke wannan ba. OSCAR 7, wanda masu sha'awar rediyo suka ƙera da kansu aka harba a Nuwambar 1974, ya mutu a 1981 sakamakon haɗewar wuta a batirinsa. Shekara ashirin da ɗaya bayan haka, a Yunin 2002, wani mai saurare a Ingila, Pat Gowen, ya ji shi. Abin da ya faru shi ne haɗewar ta buɗe da kanta, wutar sola ta sami hanyar wucewa kai tsaye zuwa na'urori, kuma tun daga lokacin mutane suka koma magana ta cikinsa duk sa'ad da rana ke kansa. LES-1 na Amurka, da aka harba a 1965 ya yi shiru a 1967, an sake jin sa wajen ƙarshen 2012 a yankin Kwanwal na Ingila, ƙararsa na tashi tana sauka kowace daƙiƙa huɗu. Daga wannan tashi da sauka kaɗai aka san saurin da yake wulwulawa, domin duk juyi ɗaya farantansa na shiga inuwa su fito. Ku dubi wannan da kyau: mutum yana zaune a ɗakinsa, bai ga komai da ido ba, amma ya auna juyin wani ƙarfe da ke dubban kilomita sama da shi, da agogo da kunne kawai. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage babu gani, sai dai jin da aka auna aka rubuta.

Me ya sa sai masu sha'awa ke gano irin waɗannan, ba manyan hukumomi masu manyan faranta ba? Domin lokacin babbar eriya kuɗi ne, an kuma raba shi tsakanin taurarin da ke aiki. Babu akantan da zai sa hannu a kashe kuɗi wajen sauraron abin da takarda ta ce ya mutu. Labarin tauraron IMAGE ya isa shaida. Hukumar NASA ta harba shi a Maris ɗin 2000 don nazarin maganaɗisun da ke kewaye da duniya, ya yi shiru a Disambar 2005, aka neme shi aka gaji aka rufe fayil. A Janairun 2018 wani ɗan Kanada mai suna Scott Tilley, yana neman wani tauraron daban, ya ci karo da sigina a inda bai zata ba. Bai ruga ya yi shela ba. Ya auna yadda zangon ke sauyawa, ya fitar da falakin da ya dace da wannan sauyi, ya gwada da jerin abubuwan da ke sama, lissafi ya faɗa kan IMAGE. Bayan 'yan kwanaki NASA ta tabbatar, har sai da ta koma tono tsofaffin manhajoji don karanta abin da tauraron ke faɗa. Ba a samu dawo da shi bakin aiki ba, siginar ta sake ɓacewa. Duk da haka abin da nake so ku riƙe shi ne matakin da ke tsakanin jin ƙarar da faɗin sunan.

A wannan mataki ne sana'ar take, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗuwa. Wanda ya kunna RTL-SDR karon farko zai ga allonsa cike da layuka, zuciyarsa kuma za ta so kowane layi ya zama tauraro. Mafi yawansu daga cikin gidansa suke fitowa: cajar waya mai araha, inbata, ƙwan lantarki na zamani, ita kanta kwamfutar. Tashoshin FM masu ƙarfi na iya kutsowa, zangon jiragen sama kuma yana ƙarewa ne daidai inda na taurarin yanayi ya fara, ga taurarin kamfanin Orbcomm da su ma ke zaune a megahaz 137. Abin da ke raba gaskiya da ruɗu shi ne abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Kowa ya san yadda hon ɗin babbar mota ke da kaifi in tana tahowa, ya yi kauri da zarar ta wuce. Tauraron da ke gudun sama da kilomita bakwai a daƙiƙa haka siginarsa ke yi: tana farawa kusan kilohaz uku sama da zangonta, ta gangaro, ta ƙare kusan kilohaz uku a ƙasa. Cajar waya ba ta gangarowa. Sannan dole lokacin ɓullowa da na faɗuwa su dace da lissafin falaki, wanda ake samu kyauta a shafin CelesTrak a kuma saka a manhaja irin Gpredict. In sun dace sau ɗaya, a jira zagaye na gaba, sannan na gobe. Wanda ya saba da tambayar kansa “ta yaya na san wannan?” kafin ya buɗe baki, zai tafi da wannan ɗabi'a duk inda ya je, ko asibiti ne, ko kotu, ko ɗakin labarai. A zamanin da ake tura saƙo tun ba a gama karanta shi ba, ban san wata tarbiyya da matashi ya fi buƙata ba.

Kada kuma ku raina wannan gangarowar. A 1957, da Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, wasu matasan masana biyu a Jami'ar Johns Hopkins, William Guier da George Weiffenbach, suka saurare shi suka ga za su iya fitar da falakinsa daga sauyin zangon kaɗai. Sai aka juya tambayar: in an san inda tauraro yake, ashe za a iya sanin inda mai saurare yake? Daga nan aka gina tsarin Transit don jiragen ruwa, wanda ya share wa GPS hanya. Ɗaya daga cikin taurarin wannan tsari, Transit 5B-5 na 1964, masu saurare sun ci gaba da jin sa kusa da megahaz 136.65 fiye da rabin ƙarni bayan harba shi. Ga kuma Geoffrey Perry, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a garin Kettering na Ingila, wanda shi da ɗalibansa suke sauraron taurarin Sobiyat da tsohuwar rediyo. A 1966 suka lura cewa falakin Cosmos 112 bai dace da filin harbawa da aka sani ba. Suka bi lissafi baya, suka nuna wani wuri a arewacin Rasha, wato Plesetsk, wanda gwamnatin Sobiyat ba ta amsa akwai shi ba sai 1983. Yara 'yan makaranta ne, kuma makaminsu littafin rubutu ne da ba a tsallake rana a cikinsa ba.

Wani zai ce duk wannan tarihi ne, shi hoto yake so ya gani da idonsa, kuma an kashe masu bayarwa. Ba a kashe duka ba. Rasha ta harba Meteor-M 2-3 a Yunin 2023 da Meteor-M 2-4 a Fabrairun 2024, kuma suna watso hoto a wannan zango na megahaz 137, da tsarin dijital da ake kira LRPT, ɗigo ɗaya kusan kilomita guda, wato ya fi na APT kaifi sau huɗu. Eriyar nan ta sanda biyu tana kama su. Bambancin shi ne dijital ba ya yafiya: APT in sigina ta yi rauni yakan ba ka hoto mai yayyafi, LRPT kuwa ko ya ba ka ko ya bar maka baƙin gurbi, don haka sai ka ƙara gyara eriyarka. Wanda ya ƙware zai haura zuwa megahaz 1,700 da ƙaramin farantin dish da ake bin tauraro da shi da hannu. Su ma waɗannan wata rana za a sallame su, kamar yadda aka sallami na gabansu, shi ya sa nake ce muku kada ku ɗaura sha'awarku a wuyan tauraro guda. Wani lokacin ma sallamar canjin ubangida ce kawai: GOES-13, bayan NOAA ta gama da shi, sojojin Amurka suka karɓe shi suka matsar da shi saman Tekun Indiya da sabon suna, ya ci gaba da ɗaukar hoton gajimare.

Batun kuɗi ba zan yi dogon zance a kansa ba. Na'urar ba ta kai kuɗin ƙaramar wayar zamani ba, sandunan ana samun su wajen mai walda, tsohuwar kwamfutar cinya ta wadatar, kuma mutum biyar za su iya haɗa hannu su sayi ɗaya. Ɗaukewar wutar lantarki ma, wadda ke hana komai, a nan taimako take yi, domin unguwar da aka ɗauke wa wuta ta fi tsabtar zango, muddin maƙwabci bai tada janareto ba.

Wanda ya fi nauyi shi ne batun doka da zato. Saurayin da ya hau rufin gida da sandunan ƙarfe da kwamfuta yana bin sama da su, a garin da tsaro ya taɓarɓare, dole a tambaye shi, kuma masu tambayar ba su yi laifi ba. Kada ku ɓoye abin da kuke yi. Ku sanar da iyaye, ku nuna wa maƙwabta hoton da kuka kama, ku gaya wa mai unguwa, in da hali ku yi shi ƙarƙashin inuwar makaranta da sanin malami. Ku nisanci barikin soja da filin jirgin sama. Na'urar za ta iya kama maganganun da ba naku ba. Siginar taurarin yanayi don kowa aka watso ta, maganar matuƙin jirgi ko ta jami'in tsaro kuwa ba don ku aka yi ta ba, kuma dokokin ƙasashe sun bambanta a kan saurarenta, saboda haka ku bar ta. Aika sigina zuwa sama kuma wani babi ne daban da ke buƙatar lasisi. Tauraron da aka sallama har yanzu yana da mai shi. Ko a 2014, da wasu masu sha'awa suka so farfaɗo da ISEE-3 da aka harba tun 1978, sai da suka ƙulla yarjejeniya da NASA kafin su aika masa umarni ko ɗaya.

Akwai dalili na ƙarshe da ya shafi inda kuke zaune. Tauraron da ke ƙasa-ƙasa ba a jin sa sai daga yankin da yake bi ta kansa a wannan lokacin. Wanda batirinsa ya mutu kuwa, magana yake yi kawai sa'ad da rana ta bugi farantansa ta kusurwar da ta dace, wataƙila minti kaɗan a zagaye guda. In waɗannan mintuna suka faɗo yana saman kudancin Sahara, tashoshin Amurka da na arewacin Turai ba za su ji komai ba. Akwai wata hanyar haɗin gwiwa mai suna SatNOGS, da aka fara a Girka a 2014, inda masu sha'awa ke jona tashoshinsu a intanet su tara abin da suka kama wuri guda. Duk wanda ya buɗe taswirarta zai ga ɗigo sun yi cincirindo a Turai da Arewacin Amurka, Afirka ta Yamma kuwa kusan fili ce. Tasha guda a Damagaram ko Maiduguri ko Tamale, mai agogo daidai da rubutu mai tsabta, wanda ya ƙunshi rana da lokaci da zango da abin da aka ji, har da zagayen da aka saurara ba a ji komai ba, za ta cike gurbin da kuɗi a Jamus ba zai cike ba. Wannan lissafin ne ya sa a farkon shekarun 1960, da NASA ke shirin aika mutum ya kewaya duniya, ta kafa ɗaya daga cikin tashoshin bin sawun kumbon Mercury a Kano, kuma ranar 20 ga Fabrairun 1962 ɗan sama-jannati John Glenn ya yi magana da wannan tasha yana wucewa ta saman Afirka.